Goshin Kaka a Ƙasa

Ƙamshin hayaƙin icce da na kunun gero ne ke fara cika gidanmu na Runjin Sambo bayan sallar asuba. A wannan tsakanin, kafin rana ta fara gasa gari, nake shimfiɗa tabarma bayan ɗakin girki in yi miƙa. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta koya mini, don zaman karatu ya ƙage mini baya. Ɓuya nake yi, domin a gidanmu budurwa ba ta miƙa a gaban manya.

Ran nan ina tsakiyar ɗaga hannuwa sai na ji tari. Kaka ce, riƙe da buta.

"Ke 'yar boko, mi kike yi haka? Miƙa ma sai an karanta ta? Mage ta iya, ba ta je makaranta ba."

"Tsohuwa, zo ki gwada, in kin isa."

"Ni? Da wace gwiwa?"

Dariya ta yi, amma idonta bai yi ba. Ta daɗe tana salla a kan kujerar roba, sujadarta sunkuyar da kai kawai. Malamai sun ce ya halatta. Ita dai goshinta na kewar ƙasa.

Washegari na tarar da ita a bakin tabarmata. Muka fara da yatsun ƙafa, sannan idon sawu. Duk miƙa ɗaya sai ta raka ta da salati, ƙasusuwanta na ƙara kamar ana karya kara. Zafi ya wuce, damina ta sauka, muna nan, tana zagina ina lallashinta.

Wata asuba na leƙa ɗakinta. Kujerar na jingine da bango. Kaka ta dafa gado, ta sauka a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, har goshinta ya taɓa darduma. Ban taɓa ganin sujada mai tsawo haka ba, kafaɗunta na rawa, ni kuma na kasa matsawa daga bakin ƙofa.

Sai bayan rasuwarta Baba ya gaya mini cewa ya sha yi mata tayin aikin Hajji tana ƙi, wai ba za ta je ɗakin Allah ta zauna kamar baƙuwa ba. Amma a ranar wannan sujadar, kafin a sauke kunu, ta aika aka kira shi, ta ce ta shirya.