Sannu Ba Ta Juya Mara Lafiya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, can bayan asibitin unguwa, tsakanin ɗakin allura da makewayi. Benci uku ne a ciki, da allon da ya gaji da alli, da tagar da ba ta buɗuwa. Takardar aikinta ta ce ta zauna nan ta wayar da kan jama'a a kan suga da hawan jini da lalurar tsufa. Takan jira har tara. Wata rana mutum huɗu su zo, wata rana ƙuda kaɗai. Daga nan sai ta rataya jaka ta shiga lungu, domin tun da wuri ta gane masu buƙatar karatunta ba za su zo benci ba: mara lafiya yana kwance, mai jinya kuma ba ta da wanda za ta bar wa shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan yawo.

Jakar ba ta da abin burgewa: zanin gado, man shafawa, guntun alli. Unguwa ta sa mata Inna Juya-shi, saboda kafin a gama gaisuwa ta ɗaga mayafi, ta duba dunduniya da ƙugu da gadon baya, ta ce, "Yaushe rabon da a juya shi?"

Telan bakin kasuwa shaida ne. Ranar da ta shiga wurin mahaifinsa, ta tarar da 'yan dubiya goma sha ɗaya, kowa yana jera sannu. Ta ce, "Masha Allah, hannu ashirin da biyu! Ku huɗun nan, ku kama bakin zani." Wani kawu ya gyara zama ya ce shi dubiya ya zo. Ta ce, "Ai ka duba har ka ƙoshi, Alhaji. Sannu ba ta juya mara lafiya. Kama nan." Ya kama. Har yau ba ya amsa gaisuwarta da daɗi, amma tsohon ya yi shekara biyu a kwance, ya koma ga Allah fatarsa ko ƙwarzane babu.

Shaida ta biyu tawa ce, kuma ba ta da daɗin faɗa. Da ɓarin jikin matata ya shanye, na ga duk lokacin da aka motsa ta sai ta yi nishi. Sai na hana a taɓa ta. Na kori 'yarmu, na kori ƙanwarta, a zatona tausayi nake yi. Sati uku tana kwance a kan bayanta. Maƙwabciya ce ta kira Inna ba da izinina ba. Inna ta ɗaga mayafi, ta ga gyambon da ya kai tafin hannu, ta rufe. Ta dubi littattafan da suka cika bango, sannan ta dube ni.

"Malam, duk waɗannan, babu wanda ya ce maka a juya ta?"

"Zafi take ji in an taɓa ta."

"Za ta ji na minti ɗaya. Kai ka ba ta na sati uku. Naɗe hannun rigarka."

Ta zana agogo da alli a bango, ta rubuta dama, baya, hagu, duk bayan awa biyu. Ta koya mini naɗe zani, da sa matashi tsakanin gwiwoyi. Sati goma sha ɗaya gyambon ya ɗauka kafin ya rufe, kuma ba ta fasa zuwa ba ko da rana ɗaya. Da ajalin matata ya yi kusa, likita ya yi ta kewaye-kewaye, dangi suka yi ta cewa za ta tashi. Inna ce kaɗai ta karɓe cokalin daga hannuna ta ce, "Daina ɗura mata, Malam, jikin ya gama karɓa. Jiƙa ƙyalle ka shafa mata a leɓe, ka faɗa mata abin da kake son faɗa. Tana ji." Na faɗa. Agogon yana nan a bango, ban goge ba.

To, ga sakayyar da aka tanadar mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ba za a turo kowa a madadinta ba. Ɗakin zai koma sito. Na je na tambayi shugaban asibitin dalili, sai ya ɗauko takardun sa hannu na masu halartar darasi ya baje mini. "Ka gani da idonka, Baba. Mutum huɗu, mutum uku, babu kowa. Jama'a ba sa buƙata." Na ce gidajen da ta shiga fa? Ya ce fom ɗin ba shi da gurbin gida. Madalla da wannan ilimi! Wanda ya iya takowa da ƙafarsa an ƙirga shi, wanda ya kasa juya kansa kuwa bai cika mutum ba. Da na ƙi tashi, sai ya ce in ya ga suna hamsin a takarda kafin wata ya ƙare, zai rubuta a turo wata. Yana murmushi ya faɗa, don ya san halinmu.

Kuma ya san mu ɗin. Mu ne masu aiko da katifa mai tsada daga nesa, mu bar 'ya mace ɗaya da ɗagawa har bayanta ya ƙage. Mu ne masu cika ɗaki da sannu, mu watse lokacin canza zani.

Inna, ke ce kika shiga ɗakunan da 'ya'yan cikin gida suke toshe hanci a ƙofarsu. Ke ce kika faɗa mana gaskiya a ranar da kowa yake rarrashinmu da ƙarya. Mai hannu biyu da aikin goma, na gode. Kin ba matata wata takwas ba wari ba kunya, ni kuma kin ba ni karatun da ban samu a bangon littattafaina ba. Allah Ya sa ranar da taki ta zo, a samu mai juya ki a kan lokaci.

Ku kuma, Talata uku suka rage a watan nan, mu haɗu a ɗakin Inna ƙarfe takwas na safe. Kada ku zo da kyauta ko jawabi. Ku zo da hannu biyu, ku sa suna a takardar can, ku tsaya ku koya. Ni zan kwanta a benci ku gwada a kaina. Ina da nauyi, ina da mita, daidai da wanda za ku tarar a gida. Wanda kuma ya ce ba shi da lokaci, ya dubi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini wanda ya iya juya shi.