Mutumin da Ya Shigar da Ruwa Ɗakin Kwamfuta

Ƙarfe bakwai da kwata yake shigowa, tun masu shara ba su gama ba. Ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya naɗe hannun riga, sannan ya bi layukan manyan kwamfutocin cibiyar hasashen yanayi, yana ɗora bayan hannunsa a kan kowane tiyo kamar uwa mai duba goshin ɗanta. Sai ya gama wannan zagaye yake kallon allon ma'aunin zafi, wai don ya ga ko allon ya faɗi gaskiya. A takarda shi ne babban ma'aikacin gyara, amma duk ginin Baba Lagireto ake ce masa, domin a garejin yayansa ya tashi yana gyaran lagireton mota kafin ya shiga kwalejin fasaha. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara ashirin da uku.

Da cibiyar ta kawo sababbin kwamfutoci, murna ba ta daɗe ba. Ƙwaƙwalwar kowacce ɗan murabba'i ne da bai cika tafin hannu ba, amma idan ta dulmiya cikin lissafi sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Fankoki na ihu, na'urorin sanyaya ɗaki huɗu na nishi, amma da rana ta take sai kwamfutocin su rage gudu don kada su ƙone. Hasashen da ake jira da la'asar sai washegari.

A wani taro ne ya ɗaga hannu daga kujerar baya, ya ce a ba shi dama ya sanyaya su da ruwa. Shugabar sashe, injiniya ce da ba ta son wargi, ta tambaye shi ko ya manta ɗakin cike yake da lantarki.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "injin mota ma wuta ce a cikinsa, kuma ruwa ne ke riƙe da shi."

Ta ba shi wata tsohuwar kwamfuta, ta ce in ya ƙone ta babu mai kuka.

Wata bakwai ya yi a kanta. Ya yanko faifan jan ƙarfe, ya tsaga masa ƙananan hanyoyi kamar haƙoran mataji, ya ɗora shi a kan ƙwaƙwalwar. Ruwa ya bi ta hanyoyin ya kwashi zafi, tiyo ya kai shi lagireto a waje, fanka ta huce shi, famfo ya dawo da shi. Faifan farko hanyoyinsa sun yi matsi, famfo ya galabaita. Na biyu sun yi faɗi, ruwa ya wuce abinsa bai ɗauki komai ba. Sai a na tara ya ce yanzu an zo wurin. Da aka ba shi damar yi wa sauran kwamfutocin haka, ya sa wa kowane layi famfo biyu, in ɗaya ya tsaya ɗaya ya karɓa, ya kuma saukar da duk wata mahaɗa ƙasa da kayan lantarki, ko da za ta ɗiga, a tire za ta ɗiga.

Ranar da abokan aikinsa ba sa mantawa, a damina ce, shekara shida da suka wuce. An kwana uku ana ruwa, kogi na cika, kuma ana jiran kwamfutocin su nuna inda ambaliya za ta bi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe zafin layi na uku ya fara hawa: saba'in, tamanin, tamanin da takwas. In ya kai digiri casa'in da biyar layin zai kashe kansa, lissafin awa shida ya bi iska. Injiniyoyi suka duba allo, famfo na aiki, suka ce ma'aunin ne ya rikice. Baba Lagireto ya durƙusa ya taɓa tiyon shiga, da sanyi. Ya taɓa na fita, shi ma da sanyi. Nan ya gane iska ce ta maƙale a cikin faifan, ruwan ba ya taɓa wurin zafin. Ya ce zai kwance ƙusar fitar da iska alhali na'urar na aiki. Shugabar ta dube shi, ta dubi allo, casa'in da biyu.

"Baba, ka tabbata?"

"Ni na ɗaura ta."

Ya tara tsumma, ya murza a hankali. Aka ji ɗan huci, sai ɗigo biyu a kan tsumman. Lamba ta tsaya, sannan ta fara sauka. Kafin ƙarfe biyu hasashe ya fita, kafin magariba an kwashe mutanen unguwannin bakin kogi. Sunan shugabar aka ambata a labarai, abin kuma ya tsaya mata a rai. Ita ce ta roƙe ni in rubuta wannan.

Baba, kai ne mai taurin kan da ya taɓa korar babban baƙo daga ɗakin kwamfuta saboda ya shigo da kofin shayi. Kai ne kuma ka zana kowane faifai da kowace mahaɗa ka manna a bango, ka zaunar da injiniyar da za ta gaje ka har hannunta ya iya karanta tiyo. Akwai iyalan da suka tsira da yaransu ranar nan, ba su san fuskarka ba. A madadinsu muke cewa mun gode. Mu kuma da muka rage, kowa ya san aikin hannunsa sanin da zai iya tsayawa a kansa ranar da kowa ke shakka.

Da aka tambaye shi a liyafar bankwana abin da zai yi da hutunsa, matarsa Inna ce ta riga shi amsawa: famfon kicin ɗinta shekara biyu ke nan yana ɗiga. Je ka, Baba, Inna ta jira ya isa. Allah ya ba ka hutu mai sanyi.