Kugen Wumbei

Wumbei ya gaji kuge daga mahaifinsa, ya zama mai shelar garin Tampiyili. Kiɗa uku ne a hannunsa: na taro, na aikin gayya, sai na gobara, wanda a shekara ashirin da ya yi yana shela bai buga ba sai sau biyu. A da, in ya buga na taro, kafin ya zagayo gindin kuka ya cika har yara su hau reshe.

Zaɓe ne ya cinye masa murya. Duk ɗan takarar da ya zo, Wumbei ake ba saƙo: rijiyar burtsatse na zuwa, za a gyara hanya kafin damina, wuta ta kusa. Zaɓe biyar ya yi yana wannan shela. Abin da ya iso garin kaf shi ne turakun lantarki goma sha bakwai, aka jibge su bayan makaranta, awaki na kwana a kai. Mutane suka sa masa suna Gobe-da-safe.

Abincinsa ba daga kuge yake fitowa ba. Lambu gare shi a bakin madatsar ruwa, kunya goma sha biyu na albasa da tattasai, da su yake ciyar da mutum tara. Sai ga wani attajiri daga Tamale yana son shinge bakin ruwan ya shuka mangwaro. Kansila ya ce ai dimokuraɗiyya ake yi, za a taru a ɗaga hannu. In rabin magidanta suka ce a'a, magana ta mutu. In ba su zo ba, shirunsu yarda ne.

Wumbei ya ƙirga magidanta, tamanin da huɗu. Arba'in da biyu yake nema. Ranar taron ya fito da safe yana buga kuge kamar zai fasa shi.

Sanatu mai koko, 'yar kawunsa, ta ɗago daga kan tukunya. "Gobe-da-safe, yau kuma me aka kawo mana? Jirgin sama?"

"Sanatu, bar wasa. Ruwanmu za a shinge."

"To a shinge mana. Wanda muka ɗaga wa hannu bara yana ina? Yaya, an gama magana tun a Tamale, mu 'yan cika hoto ne. Zo ka sha koko, muryarka ta dishe."

Da la'asar ya leƙa gindin kuka. Mutum shida, biyu daga ciki barci suke yi. Kansila na zaune kan kujera yana karkaɗa makullin babur, yana murmushi. Wumbei ya dubi wajen lambunsa, ya dubi kugen. Sai ya buga kiɗan gobara.

Garin ya fashe. Mata da bokitai, maza da rassan ganye, tsoho Neindow, wakilin sarki, ya taho da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Wumbei na ƙirga magidanta: hamsin, sittin, saba'in da ɗaya!

"Ina wutar?" in ji Neindow yana haki.

"Baba, ba wuta. Ruwa ne za a ƙwace. Tunda kun zo, ku ɗaga hannu kawai."

Sai Sanatu ta dire bokitinta, ruwan ya fantsama. "Uwata na kwance ba ta iya tashi, na baro ta ita kaɗai! Kai ma ka koyi halin 'yan takara?"

"Kiɗa ɗaya ya rage mana da ba a taɓa yin ƙarya da shi ba," in ji Neindow. Ya miƙa hannu. "Kawo kugen."

"Baba, hannu kawai, ko kallona kada ku yi..."

Suka juya, kowa da bokitinsa. Da kansila ya ce masu cewa a'a su ɗaga hannu, bakwai aka samu, har da na Wumbei.

An kafa shingen kafin albasa ta nuna. Yanzu Wumbei ɗan ƙwadago ne a gonar mangwaron, shi ke ban ruwa, ya san itatuwan ɗari uku da goma ne. Kugen yana rataye a zauren Neindow, an rasa wanda zai karɓa. Da rumbun Sanatu ya kama wuta bara, da baki ta yi ta ihu, kuma sai da maƙwabta suka ga hayaƙi da idonsu sannan suka fito.