Bindigar Marigayi Norris

A garin Dudley, duk mai tara tsofaffin ƙananan bindigogin iska ya san Desmond Tranter, kuma ba kowa ne ke murnar ganinsa ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin ƙarfe a wata masana'antar makullai, ya yi ritaya da bindigogi sittin da uku jere a ɗakin bayan gidansa. Idan aka miƙa masa bindiga, kafin ya dube ta sai ya kai ta hanci, domin sabon rinin ƙarfe yana da warinsa. Daga nan ya bi rubutun jikinta da farce. A wurinsa, kamar yadda yake a wurin duk masu wannan sha'awa, bindigar da aka goge aka sake rina ta, ta mutu, ko da tana ƙyalli. Mutum uku ya kunyata a bainar jama'a a kan haka, kuma yakan bugi ƙirji cewa hannunsa bai taɓa yi wa bindiga wannan cin mutunci ba.

Da amininsa Norris Pugh ya rasu, matarsa Glenys ta so a ajiye mafi kyawun bindigarsa a akwatin gilashi na ƙungiyarsu ta masu tara bindigogi, da sunansa a jiki. Ƙungiyar kuwa ba ta karɓar wadda aka taɓa, kuma bakin Desmond ne ke yanke hukunci.

Ranar Talata da hantsi ya je gidan. Glenys ta kawo shayi da biskit, ta ajiye bindigar a kan tawul.

"Ga ta nan, Des. Sansana da kyau. Shayin ma in kana so ka sansana, ban zuba guba ba."

Bai yi dariya ba. Wari dai babu, amma da farcensa ya bi haruffan, sai ya ji sun yi sulɓi. Haruffan asali suna da kaifi, waɗannan kuwa sanfefa, takardar goge ƙarfe, ta ci bakinsu. Ashe shekara talatin Norris yana yi musu taƙama da gyararriyar bindiga! Ya saci kallon Glenys. Me ya sa ta zaunar da shi nesa da taga? Me ya sa biskit ɗin ya yi yawa haka?

"Wa ya taɓa ta?" in ji shi.

"Kai ne gwani, ni me na sani? Ƙura kawai nake sharewa."

"Glenys, ba wasa na zo ba. Idan na ce an gyara ta, sunan mijinki ya ɓaci a ƙungiya."

"To, buɗe ta mana, sarkin zargi."

Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance katakon mariƙin. A ƙarƙashinsa, a jikin ƙarfen, ga wani ɗan tambari: D.T. da ɗigo uku. Ya daɗe yana kallonsa. A masana'antarsu, kowane ma'aikaci yakan buga tambarinsa a ɓoyayyen wuri jikin duk abin da ya gyara, kuma wannan nasa ne. Sai ya tuna wata bindiga mai tsatsa da wani abokin aiki ya kawo masa a cikin jarida, tun kafin ya san darajar irin waɗannan kaya. A lokacin hutun cin abincin rana ya goge ta tas, ya rina ta, ya yi ta alfahari da aikinsa. Daga hannu zuwa hannu ta faɗa wurin Norris.

"Norris ya sani?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun makon da ya saye ta. Ya yi ta dariya har ya ƙware. Ya ce in ka ji, ba za ka ƙara iya ɗaga kai a ƙungiya ba, saboda haka a bar ka da girmanka."

Desmond ya sake duban tambarin. Idan ya ce ta asali ce, ya yi ƙarya. Idan ya ce gyararriya ce ya tsaya nan, ya jefa mamaci cikin zargi don ya tsira da sunansa.

Glenys ta miƙa hannu za ta ɗauki katakon. Ya dafe shi.

"Bar shi a kwance. Haka zan kai ta taron ƙungiya ranar Alhamis, kowa ya ga tambarin da idonsa. Zan gaya musu wanda ya ɓata ta, da wanda ya rufa masa asiri. In sun ƙi karɓar ta, su nemi wani mai hancin."

"Za su yi maka dariya, Des."

"Mutum uku dai na san za su yi."

Ya ɗauki biskit ɗaya, ya kai shi hanci, sannan ya ci.