Kare na Uku

Mahaifina maharbi ne tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa sanin gidanmu babu kare ba sai da ƙirjinsa ya juya masa baya. Abin ya fara ne kafin ruwan madatsar Bakolori ya cinye garinmu na wajen Maradun. Da kare ya matso kusa da shi sai atishawa, sai ido ya kaɗa ya yi ja, daga nan numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa tsohuwar sarewa. Malamin asibiti a Talata Mafara, wani Kirista mutumin kudu, ya ce asma ce, kuma kare ke tayar da ita. Na tambaye shi ko a aske karen a huta. Ya yi dariya ya ce ba gashin kaɗai ba ne, har da yawu da amosanin fata. Baba ya ja karyarsa ta ƙarshe ya kai wa wani abokin farautarsa a Dakko.

Da aka tashe mu sai muka sauka a gefen Talata Mafara, inda kanal ya bi ta bayan gida. Yayana ya samu fili a tsallaken ruwan yana noman rani. Ni kuwa mijina ya rasu na dawo gida, kula da Baba ta faɗo a kaina. Ni ke dafa masa, ni ke jin tarinsa ta bango, ni ke rasa ci idan ciwon ya tashi. Duk abin da ya shafi ƙirjin nan nawa ne.

Garin ya cika da baƙi a shekarun nan, direbobin tifa da leburori da waɗanda ba a san aikinsu ba. Aka fara yi wa Yaya ɓarna a gona, yau a tone albasa, gobe a kwashe tumatir, rannan aka kwance mana akuya da rana tsaka. Ni dai babu wanda ban zarga ba, har maƙwabcinmu da gaisuwarsa ta cika tsawo. Yaya ya ce sai an samo kare. Na ce ba a gidan nan ba.

Baba ne ya raba mu. Ya ce, “Ai kare iri-iri na, ɗiyata. Ba duka ka tada mani ƙirji ba. A kawo su in gwada.”

Ya faɗi maganar da sauri, da gani ya daɗe da tanadarta a baki, kuma daga nan na fara sa masa ido. Shi ya tsara gwajin da kansa: a ɗaure kare a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi kuma ya zauna kan buzunsa daga azahar zuwa la'asar. Wanda bai sa shi atishawa ba, shi ke nan an samu.

Na farko wani kukun Turawan madatsa ne ya kawo shi, ƙaton kare mai gashi buzu-buzu da kunnuwa a tsaye. Kukun ya rantse cewa da sabulu ake yi masa wanka, don haka babu cuta a jikinsa. Na ce masa in haka ne me ya sa masu shi suka rabu da shi? Ba a ma gama ɗaure igiya ba Baba ya ɓarke da atishawa har maƙwabta suka leƙo. Wannan ban yi gardama ba, ta gaske ce.

Na biyu na wani Buzu ne mai gadi a kasuwar Damri, siririn kare mai dogayen ƙafafu, gashinsa a kwance sumul. Buzun ya ce irin nasu ba su da gashin da zai shiga hancin mutum. Yaya ya so karen sosai. Baba ya dube shi a ɗage, ya yi atishawa biyu ya ce a tafi da shi. Ni kuwa na san atishawar ubana kamar yadda na san muryarsa. Wannan ta baka ce kawai, idonsa fari tas.

Sai ga abokinsa na Dakko da kansa, da ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji, karen gida irin na mafarauta. Suka daɗe suna gaisawa, aka tambayi gajiya da iyali da ruwa da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya tambayi wani daga ina kwikwiyon ya fito. Ban buƙaci a gaya mini ba. Farin ƙirjin nan na karyar Baba ne, jininta ne. Wa ya aika Dakko? Yaushe? Ashe kuku da Buzu duk rakiya suka yi.

Aka ɗaure shi, Baba ya zauna, ni ma na ɗauko tsintar wake na zauna a bakin zaure. Shiru, babu atishawa ko ɗaya. Yaya sai murna yake yana cewa an dace. Ni kuwa ina kallo. Baba ya ba iska baya, abin da bai yi wa sauran ba. Ya ja rawani ya rufe hanci alhali ana zafi. Da na kai masa ruwa na ji ƙanshin kanumfari da man zafi. Sannan ya cika neman buta, mutumin da ke riƙe alwala ɗaya tun hantsi.

Da ya sake ɗaukar butar sai na ajiye faifai na bi bayansa. Bai nufi makewayi ba, bayan rumbu ya zagaya. Na same shi a durƙushe ya dafa bango da hannu biyu, rawanin a ƙasa, yana jan numfashi da kyar, hawaye da majina sun haɗe masa a gemu. Tsoro ya kama ni, sannan haushi ya biyo baya.

Na ce, “Baba, kashe kanka za ka yi saboda kare?”

Sai da ya samu sarari ya ce, “Kak ki hwaɗi ma yayanki. Gona ta tahi, daji ya tahi, kushewar uwarku tana ƙarƙashin ruwa. Wanga ɗan abu ɗai ka sanina.”

Na tausaya masa ƙwarai. Amma ni ce zan zauna a kansa ina fifita idan numfashin ya tsaya, kuma ban shirya rasa shi ba. Na je na gaya wa Yaya, har yau kuma ban ga laifina ba. Baba ya yi kwanaki yana karɓar tuwo daga hannuna ba tare da ya dube ni ba.

Yaya ya yanke hukunci: karen zai zauna, amma a gona, a tsallaken kanal, ba zai taɓa ƙetarowa ba. Daga ranar, kullum bayan la'asar Baba ke shimfiɗa buzunsa a bakin ruwan ta ɓangarenmu. Da fito da baki kawai ya horar da karen, wannan na kwanta, wannan na zagaya gona, wannan na yi haushi. Sata ta ragu. Ni kuma ina biye, ina duba rigarsa ko zan ga jan gashi, ina shinshina buzun idan ya shiga masallaci. Ban taɓa samun komai ba, ban kuma daina dubawa ba.

Wata rana na kai masa kunu a can, sai karen, wanda ya riga ya girma, ya tsinke igiyar da Yaya ya ɗaure shi da ita ranar, ya faɗa ruwa. Ya iyo ya haye, yana kaɗa jela, ya nufo Baba kai tsaye. Na sunkuya na ɗauki hoge. Baba ya riga ya miƙa hannu. Ya dubi hannun, ya dube ni, sannan ya mayar da shi cikin riga.

Ya daka wa karen tsawa, “Koma! Koma, na ce!”

Karen ya tsaya cak yana kallonsa, ruwa na ɗiga daga jikinsa, sannan ya juya ya sake faɗawa kanal. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya kori kare ba. Ya karɓi kunun ya ce da ni, “Yar da hogen nan, ɗiyata. Ya ji.”