Da'irar Yaya, Wadda Babu Auta a Ciki

Tun muna yara Yaya ne mai rabo a gidanmu. In Baba ya shigo da kankana shi ake miƙa wa wuƙa, saboda shi ne babba. Sai ya juya mana baya ya yanka, ya juyo yana rantsuwa daidai ya raba. Nasa kullum ya fi kauri ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ni kaɗai ke magana, shi ya sa ya laƙaba mini Barkono, har yau da furfurata haka yake kirana.

Akawu ya yi a ofishin ruwa har ya yi ritaya. Ba zan ci haƙƙinsa ba, bai san makara ba, rigarsa kullum a goge. Da aka kawo kwamfuta ofishin, sa'o'insa suka ja da baya, shi ya zauna ya koya. A nan ya samu abin da ya fi kankana daɗin yanka. A manhajar jadawali za ka jera sunaye, ka sa lamba a gefen kowanne, ka danna, sai da'ira ta fito a yanke, kowa da yankinsa gwargwadon lambarsa. Yaya ya zauce a kanta. Bututan da suka fashe ya yi musu da'ira, masu zuwa aiki a makare ya yi musu. Da ya ajiye aiki sai ya dawo kan iyalinsa, har da da'irar wanda ya fi barin fitila a kunne.

Ana nan Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Autarmu, wadda mijinta ya rasu, ta tattaro ta dawo gida, ta zauna a ɗakin da ke jikin na Inna. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke niƙa ƙwaya a cokali, ita ke wankin zanin gado. Mu sauran dubiya muke zuwa. Yaya ya fi kowa zuwa, gaskiya ce. Zai tsaya bakin ƙofa ya ce, "Inna, ya jiki?" ya zauna a kujera mai hannu, ya sha shayin da Auta ta dafa, ya kaɗe riga ya tafi.

Wata rana ya kira taron dangi, har da Kawu ƙanin Inna, ya raba mana takardu masu launi. Da'ira ce, a samanta an rubuta "Kula da Inna". Yankinsa kore shar, ya janyo shi waje daga sauran, ya kuma karkata da'irar yadda nasa ya zo gaba ya yi kauri ta ƙasa. Kankanarmu ce sak! Nawa ja ne, an tura shi can baya. Na duba, na sake dubawa.

"Yaya, ina Auta?"

"Barkono, kwamfuta ba ta ƙarya. Zuwa dubiya na ƙirga. Auta ta taɓa zuwa dubiya? Ai a gidan take. Sifili na sa mata, sifili kuwa ba ya samun yanki."

Sannan ya fito da abin da ya tara mu. Ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin. Auta ta koma wurin dangin mijinta, tun da ga shaida, shi ke ɗauke da Inna. Kawu dama duk abin da ya fito daga firinta gaskiya ne a wurinsa, sai gyaɗa kai yake. Auta na tsaye bakin ƙofa da roba cike da jiƙaƙƙen zani. Sai ta juya. Juyawar nan ce ta ƙona mini rai.

Na shiga wurin Inna. Bakinta ya karkace amma hankalinta ras, ta ji komai. Na raɗa mata abin da nake so in yi. Ta ce, "Ku tafi. Ni na haife shi, na san inda zan taɓa."

Na fito na ce, "Kawu, na yarda da da'ira. Yau Auta za ta bi ni gidana. Mai babban yanki ya ci gaba da aikinsa. Mu za mu riƙa zuwa dubiya, a ƙirga mana."

Yaya ya waiga wajen matarsa. Ta ɗaga takardar ta ce, "Ni ban ga sunana ba. Wanka zan yi wa Inna don Allah, sauran mai kore ya yi."

Washegari ni da Auta muka ci ado, muka fesa turare, muka je. Muka tarar da Yaya a tsakar gida, ya naɗe wando, yana kokawa da zanin gado a bokiti. Daga ɗaki Inna na kira: matashi ya yi tudu, shayi ya yi zafi, yanzu kuma ya huce, a juya ta, a'a ba ta nan ba. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Inna, ya jiki?" na baje a kujera mai hannu.

"Yaya, shayin fa? Kuma ka rubuta, mutum biyu."

Auta zuciyarta ba ta da ƙashi. Kullum sai ta ce, "Anti, ya isa haka, bayan Yaya fa." Har takalmanta na ɓoye don kada ta sulale ta koma. Inna ba ta rasa komai ba, muna gani kullum. Shi ne dai ya rasa hutu.

Ba a daɗe ba sai ga shi a gidana, a sunkuye, hannunsa duk ya yi fari da omo.

"Barkono, a bar maganar ɗakin nan."

"Ba a baki aka yi ta ba. Ɗauko kwamfutar."

Na tsaya a kansa. Na sa ya goge lambobin dubiya, ya sa na aiki: wanka, juyi, magani, wanki, ciyarwa, tun ranar da Inna ta kwanta. Kwanakin da ya yi ma na ce ya saka, ba na zalunci. Ya danna. Yankin Auta ya haɗiye da'irar.

"Ba ta koren. Miƙar da karkacewar nan, a kwance nake son ta. Yanzu janyo nata waje."

Nasa ya koma siriri kamar tsinken tsintsiya, sunansa ma bai shiga ba, sai da kwamfutar ta ja layi ta rataye shi a gefe. Ya ce ko a haɗa shi da na ƙannenmu a kira su "Sauransu". Na ce a'a, a ƙara wa rubutun girma, idon Kawu ba ya gani sosai.

Shi da kansa ya buga, ya kai wa kowa. Kawu ya duba ya gyaɗa kai kamar wancan karon, ya ce ango ya nemi haya. Auta ta koma ɗakinta, har da sabon labule da na saya mata.

Ɗaya daga cikin takardun na manna ta a bangon Inna, daidai saitin kujera mai hannu. Yaya yana zuwa dubiya har yanzu, sai dai a tsaye yake shan shayinsa, kuma shi ke wanke kofin.