Gindin Aduwar da Ba a Nomawa

Jikata ta zo hutun Sallah Kusada, ta wuni a tsakar gida tana danne-dannen kwamfuta. Ni ban shiga aji ba, amma ba a yin abu a gabana ban san kansa ba, sai na tambaye ta.

Ta ce a harshen da suke ba na'ura umarni akwai abubuwan da in an kafa su shi ke nan, ba mai sake su. Aikinta shi ne ta rubuta a gefen kowanne cewa wannan ba ya motsi, ga kuma dalili. Na ce abin da ba ya motsi ina ruwansa da rubutu?

"Tsohuwa, ai shi ya fi bukata," in ji ta. "Wanda ya zo daga baya, in bai ga dalili ba sai ya ce kuskure ne, ya goge."

Na tashi na shige ɗaki.

A gonarmu ta Mawashi akwai wani wuri a gindin aduwa, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da ba a sa masa garma. Maigidana ya kafa dokar, har ya rasu bai faɗi dalili ba. Yara suka ce aljanu ne, na ƙyale su. Nan ɗakina yake kafin gidan ya zama kufai, kuma a bayan ɗakin aka binne ɗana na fari. Kwanansa biyar, ba a kai ga suna ba. Mu ba ma ambaton ɗan fari ko yana raye, kunya ce, balle wanda ya koma. Har yau in na gitta wurin sai in ji kamar ana jan bakin zanena.

Bana babban ɗana, uban yarinyar, wanda ya tashi yana zaton shi ne ɗan fari, ya ce zai kawo tarakta a tumɓuke aduwar. Na hana. Ya ƙyale, irin ƙyalewar mai jiran ƙasa ta rufe idona.

Washegarin hirarmu da safe na kira jikar, na ce ta ɗauko takarda, ba na'urar ba. Na faɗi dalilin dokar, ta rubuta, na sa ta karanta mini sau biyu. Da ta tambayi me za ta sa a wurin suna, na ce ta sa yayan babanta.

Uban ya karanta a tsaye. Ban ɗago kai ba.

"Inna," ya ce, "ashe shi ya sa kike kiran sunana."

Kafin ruwan shuka ya sauka, ya kewaye wurin da gamba.